Tabon Huhu: Bitamin D Ba Zai Share Ƙurar Kankia Da Kusada Ba

Bahaushe ya san tabo a fata, amma bai cika tunanin huhu ma yana yin tabo ba. A bakin mutanen Kankia da Kusada, duk abin da ya taso daga ƙirji sunansa tari, in ya tsananta a ce fuka. Wannan ƙarancin kalma ba ƙaramin abu ba ne, domin ciwon da ba shi da suna da wuya a yi masa tanadi.

Ga yadda abin yake, mai karatu. A cikin huhu akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da likitoci ke kira makrofaj, waɗanda aikinsu haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. Idan abin da suka haɗiye ya fi ƙarfinsu, kamar garin dutse ko ƙwayar tarin fuka, sai su yi ta kiran agaji, wasu ƙwayoyin su zo su yi ta ɗinki da zare mai tauri. Ɗinkin nan shi ne tabon. Huhun da yake da laushi kamar soso sai ya koma tamkar ƙirgi, mutum ya riƙa haki tsakanin gida da masallaci.

To, ina bitamin D ya shigo? A shekarar 2006 masu bincike a Amurka sun nuna cewa makrofaj na amfani da shi wajen haɗa wani sinadari mai kashe ƙwayar tarin fuka. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye kuma sun nuna yana rage tabon huhu. Sai dai ɓera ba mutum ba ne. A 2020 an fitar da sakamakon gwaji a Mongoliya, inda aka bi yara 'yan makaranta fiye da 8,000 har shekara 3, rabinsu suna shan bitamin ɗin, amma bai rage kamuwa da ƙwayar cutar ba. Akwai ma wani ciwon huhu, sarkoidosis, wanda a cikinsa makrofaj ke sarrafa bitamin D fiye da kima, har ƙarin sa ya iya cutar da ƙoda. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai sayen ƙwaya a kyamis ba da izinin likita ba ya yi hattara.

Mu da rana ba ta yi mana rowa ba, in ban da matan kulle da tsofaffin da ba su fita, matsalarmu tana wani wuri. Tana cikin ƙurar sussuka da shiƙa bayan kaka, da hazon hunturu, da hayaƙin itace a madafi, da ƙurar da masu fasa dutse ke shaƙa ba takunkumi. Uwa uba, tana cikin tarin fukan da aka bari ya ci huhu kafin a je asibiti, alhali maganinsa kyauta ne, na wata 6.

Tabo idan ya zauna ba ya tashi. Magunguna biyu da Amurka ta amince da su a 2014 suna rage masa gudu ne kawai, kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin manomi. A ganina, ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia su ya kamata a fara koya wa su ce "tabon huhu" da Hausa, su kuma tura duk mai tarin da ya wuce mako 2 gwajin majina a babban asibitin garin.