Tseren Keke na Dattawa da Haƙƙin Mutanen Gida

A birnin Manchesta na ƙasar Ingila akwai wani katafaren zaure da aka buɗe a 1994, wanda ba a gina shi don komai ba sai tseren keke, kuma duk wanda ya shiga zai iske hanya ta katako mai siffar ƙwai, tsawonta mita 250, ta miƙe a kusurwoyinta har digiri 42, ta yadda mai tafiyar hawainiya zai zame ya faɗo, mai gudu kaɗai take riƙewa. Keken da ake hawa a wurin ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, kuma muddin taya tana juyawa feda ma juyawa take, saboda haka ƙafar mahayi ba ta da hutu sai ya sauka. Mai karatu zai zaci wasa ne na samari masu jini a jika. Alhali kuwa a wannan zaure aka sha yin gasar duniya ta dattawa, ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, inda ake karɓar ɗan shekara 35 zuwa sama, maza da mata, a kasa su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, har ka ga mai furfura, ɗan saba'in da ɗoriya, ya duƙufa bisa keke yana haki. Wani Bafaranshe ma, Robert Marchand, yana da shekara 105 ya yi kilomita 22 da rabi cikin sa'a guda, a 2017. Ikon Allah ke nan.

To, amma wa ke biyan kuɗin wannan sha'awa? Saurayin da ya riƙi keke sana'a yana da albashi da mai horo da makaniki. Shi kuwa dattijon nan malamin makaranta ne, ko akawu, ko direba, daga aljihunsa zai sayi keke da tayoyi, ya biya kuɗin jirgi da masauki, in ya yi nasara kuwa ladarsa lambar yabo ce da riga. Dukiyar ma da sauƙi, lokaci shi ne babbar asara, domin zauren ba kullum yake a buɗe ga kowa ba, sai an kama sa'a, kuma sa'ar da ma'aikaci zai iya kamawa ita ce ta maraice ko ta Asabar da Lahadi, wato ainihin lokacin da yara suke jiran uba. Shi ya sa da yawansu sukan ɗora keke bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa a gareji tun da jijjifi, tawul a wuya, fanka tana kaɗawa, su yi ta tuƙi ba tare da sun gusa taku ɗaya ba, uwargida tana jin gunjin tayoyi daga kan gado. Adalci dai a faɗa, wannan tsere ya fi na kan titi rangwame ga mai iyali, domin gajere ne, wani mita 500, wani 2,000, babu mota, kuma yaro yana zaune zai ga mahaifinsa tun daga tashi har ƙarshe.

Wanda yake son ganin al'amarin a fili, da daɗinsa da ɗacinsa, sai ya dubi tarihin Beryl Burton, mutuniyar Yokshaya ta Ingila, wadda aka haifa a 1937, ta ci kambin duniya sau bakwai, biyar daga ciki a irin wannan zagaye, ba ta kuwa taɓa riƙon keke sana'a ba, a gona take ƙwadago. Mijinta Charlie shi ya fara nuna mata harkar, sa'an nan da ya ga ta fi shi nesa ba kusa ba, sai ya janye, ya zama shi ne mai gyaran keke, shi ne direba, shi ne mai riƙon 'yarsu Denise a bakin fili. Kuma a ganina rabin lambobin nan nasa ne, ko da yake ba sunansa aka rubuta ba. Denise ta girma ta gaji uwa, har ranar gasar ƙasa ta 1976 ta zo, 'ya ta sha gaban uwa a bakin layi, uwar kuwa, tana da shekara 39, zuciya ta ɗebe ta, ta ƙi ba 'yar cikinta hannu a bainar jama'a. Subhanallahi, son nasara in ya yi yawa har mahaifiya yakan mantar da ita haihuwa! Daga baya sun daidaita, har suka hau keke mai sirdi biyu tare a 1982 suka kafa tarihi a mil goma. Beryl ta rasu a 1996 bisa kekenta, tana rabon katin gayyatar bikin cikarta shekara 59.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa jiki yana da haƙƙi, iyali ma suna da nasu, kuma nafaƙa ba ta tsaya ga hatsi da tufa ba, har da zama da hira. Motsa jiki ga wanda ya manyanta alheri ne babu shakka, sai dai sa'ar da ya kai zaure daga hannun wani ya karɓo ta, ko da izini ko babu. Mu ma muna da irin wannan zaure a babban filin wasa na Abuja, tun wasannin Afirka na 2003; wanda ya haura arba'in, sha'awar ta kama shi, ina roƙonsa ya zauna da uwargida su yi shawara a kan ranaku da kuɗi kafin ya je ya tayi keken.