Kowa Ya Ci Ladan Kuturu Ya Yi Masa Aski

Jama'a, ga wani al'amari na ƙasar Amurka wanda ya kamata mu duba. A can, mai neman mulki sai ya kashe dukiya mai yawa kafin talakawa su san shi, su zaɓe shi. To, ina zai samo ta?

A zaɓen 1896, wani kamfanin mai, wai shi Standard Oil, ya ba da dala 250,000 don taimakon William McKinley, ya kuwa ci. A 1905 aka yi bincike a New York, sai ga shi kamfanonin inshora sun ɗebi kuɗin da mutane suka ba su amana, sun zuba cikin zaɓen Theodore Roosevelt na 1904. Aka yi ta gunaguni, har a 1907 majalisarsu ta kafa Dokar Tillman, ta hana kamfani ba mai neman muƙamin tarayya kuɗi.

Amma a 2010, cikin shari'ar Citizens United, alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka rinjayi 4. Suka ce kamfani yana iya kashe ko nawa ya ga dama wajen tallata ɗan takara, muddin bai haɗa baki da shi ba.

To, ku auna. Ran da za a yanka wa wannan kamfani haraji, wakilin nan wa zai tuna, talakan da ya jefa ƙuri'a ɗaya, ko attajirin da ya biya kuɗin talla? In baki ya ci, ido ya ji kunya. Allah ya kyauta, amin.