Ɗan Gida ko Baƙo: Gardamar Zaɓen 'Yan Wasan Pillars a Cikin Birni

Da zarar an busa usur na ƙarshe a kakar firimiyar Najeriya, 'yan wasa sai su tafi hutu, magoya bayan Kano Pillars na cikin birni kuma a lokacin suke kama aiki. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwammaja, da wuya ka sami majalisar da ba a jera sunayen waɗanda ya kamata a sallama da waɗanda ya kamata a ɗauko. A teburin mai shayi ake korar gola, a bakin masallaci bayan la'asar ake sayo lamba tara. Wanda bai taɓa riƙe ko ƙungiyar layinsu ba zai gaya maka ɗan bayan da ya gaji, da wanda ƙafarsa ta hagu ba ta da amfani sai hawa mota. Kada ka raina wannan hira. Mutanen nan da ƙafa suke takawa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da yawansu har atisaye suke zuwa kallo, kuma sau da yawa sun riga jami'an kulob gane yaron da zai yi abin kirki.

Abin da ake gardama a kai yana da tsari, ko da yake a majalisa ba a cika bin tsarin ba. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowacce wasa 38 take yi a kaka, huɗu na ƙasan teburi kuma su faɗa gasar 'yan dagaji. Dokar FIFA ta ba kowace ƙasa lokaci biyu a shekara na rajistar 'yan wasa: babba kafin a fara kaka, ƙarami a tsakiyarta. A cikin makonnin nan ne ake yanke hukuncin da zai bi ƙungiya har ƙarshen shekara. Koci ya miƙa sunaye, dillalai su kawo nasu, a kira gwaji, matasa su cika fili kowa da takalminsa a leda, sannan a buga wasannin share fage irin gasar Ahlan da ake yi a Kano don a ga wanda zai iya.

Masu bibiyar wasannin Amurka sukan kawo wani tsari da ake bi a can, har su ce ina ma a yi shi a nan. A gasar NFL ta ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallon da hannu, tun 1936 ake tara samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka bi da bi. Yau ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai ake yi, kuma wadda ta ƙare a ƙarshen teburi ita ke fara zaɓa. Wato lalacewar bara ita ke ba ka gwarzon bana. Magoya baya a can sukan shafe watanni suna musu kan ko a ɗauki yaro kaza, ko a sayar da layin zaɓen a karɓi gogaggen ɗan wasa. Amma tsarin yana tafiya ne don gasar a rufe take, ba a korar kowa zuwa ƙasa, kuma jami'o'i ne ke renon yaran kyauta. A ƙwallon ƙafa babu mai tausaya wa na ƙarshe. Pillars ta ɗanɗana wannan a 2022, lokacin da ta faɗi daga firimiya, bayan ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna, aka kuma zaftare mata maki saboda hatsaniya. Ba wanda ya ce mata zo ki fara zaɓa. Da ƙafarta ta hauro a 2023.

To, tunda babu layin zaɓe, ina ake samo 'yan wasa? Nan ne gardamar farko take, kuma ita ta fi zafi a cikin badala: ɗan gida ko baƙo.

Masu cewa ɗan gida suna da hujja mai ƙarfi. Taken ƙungiyar ma "Sai Masu Gida" ne. Sukan ce yaron da zai koma unguwa ya kwana bayan an ci Pillars a gida ba zai yi wasa da sanyin jiki ba, don ya san abin da ke jiransa a bakin layi, har a wurin 'yan uwansa. Sukan kawo Rabi'u Ali, wanda kowa ke kira Pele, da Gambo Muhammad, wanda daga Pillars aka kira shi tawagar Najeriya zuwa gasar zakarun nahiyoyi a Brazil a 2013, da Sani Kaita da ya tashi daga nan ya tafi Sparta Rotterdam a 2005. Dattawan majalisa kuma sukan koma baya har zamanin Raccah Rovers, wadda ta ɗauko wa Kano kofin ƙasa a 1978, shekara 12 kafin a haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North a haifi Pillars a 1990. A ganinsu garin da yara ke buga ƙwallo a kowane lungu da kowane filin makaranta bai kamata ya riƙa cika mota da 'yan wasa daga kudu ba.

Sai dai tarihin ƙungiyar bai goyi bayansu gaba ɗaya ba. Kofunan firimiya huɗu Pillars ta ci, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma babu ko ɗaya da 'yan Kano zalla suka ɗauko. Kadiri Ikhana ne ya horar da ƙungiyar 2008, Okey Emordi ta 2014. Theophilus Afelokhai ya yi shekaru yana tsare raga. Reuben Gabriel yana ɗan Pillars ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013. Shehu Abdullahi Basakkwace ne. Ahmed Musa kansa, wanda yau ake ganin babu ɗan gida kamarsa, haifaffen Jos ne. Kuma duk wanda ya ga yadda Kano ta yi jimamin Chinedu Udoji, wanda ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairun 2018 jim kaɗan bayan wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, ya san cewa mutanen Ƙofar Mata ba takardar haihuwa suke dubawa ba. Wanda ya zubar da gumi a kan rigar, ya zama nasu. Ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka kafin Heartland ta Owerri ta tare ta, haɗin gambiza ce.

Gardama ta biyu ta shekaru ce, kuma kusan kullum a kan mutum ɗaya take ƙarewa. An haifi Rabi'u Ali a 1980, ya haura arba'in yana sanye da kambun kyaftin, yana cin fanareti da bugun tazara, yana raba ƙwallo kamar yana da ido a ƙeya. Masoyansa sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Masu suka, waɗanda galibi a hankali suke magana don ba kowace majalisa ake taɓa Pele a zauna lafiya ba, cewa suke duk mintin da dattijo ya yi a fili, yaro ɗan shekara 19 ne ya yi shi a benci. Haka aka yi ta musu lokacin da Ahmed Musa ya dawo a 2021 bayan ya bar Al Nassr ta Saudiyya, da lokacin da ya sake dawowa a 2024, da kuma dawowar Shehu Abdullahi. Ni dai a wannan ina tare da masu zuma, amma da sharaɗi. Gasar Najeriya ta tafiye-tafiye ce: a kwana a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, a sauka a fili mai ƙura ko mai taɓo, a yi wasa a gaban 'yan kallon da ba sa son ganinka. Yaro sabon shiga yana buƙatar wanda ya saba da wannan a kusa da shi. Gogaggu uku ko huɗu gishirin ƙungiya ne. Idan suka kai rabin masu fara wasa, to ba su ne abin tuhuma ba, wanda ya kasa tanadar magadansu shi ne.

Duk waɗannan gardandami biyu suna da daɗin yi, amma a ganina sun rufe wata tambaya da ta fi su nauyi, wadda ba a cika jin ta a teburin shayi ba: yaron nan da muke yi wa tafi, na waye, kuma shekara nawa ya sa wa hannu?

A ɗauki Ahmed Musa. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin lokacin. Amma aro ya zo daga makarantar ƙwallo ta GBS. Daga Kano ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya koma CSKA Moscow a 2012, Leicester ta saye shi a 2016. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, shekarar da ta biyo baya yana Esperance ta Tunisiya. Tafiyarsu ba laifi ba ce, ba wanda zai hana yaro neman arziki, kuma albashin gasar gida ba zai iya gogayya da na waje ba. Abin dubawa shi ne me ya rage wa ƙungiya bayan sun tafi. Idan ɗan wasa na aro ne, ko kwantiraginsa na kaka ɗaya ne kamar yadda aka saba a gasar nan, to ka yi turkar ragon wani ne: kai ka sayi dusa da harawa, ranar kasuwa mai shi ya zo ya kwance abinsa.

Dokokin FIFA sun yi tanadi a kan wannan, kuma ba su da wuyar fahimta. Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba a biya ko sisi ba. Wanda ke da sauran shekaru a takarda, dole mai so ya zo a yi ciniki. Akwai kuma kuɗin reno: idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, kowacce gwargwadon zaman da ya yi a wurinta. Wannan kaso yana biyo duk cinikin da aka yi da shi irin wannan har ya yi ritaya, amma sai in an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar tun yana ƙarami, da shekarunsa na gaskiya. A nan ne ragin shekaru, wanda ake ɗauka wayo ne, yake komawa asara. Ba a kuma yarda a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18 ba, sai a wasu 'yan yanayi. Ma'ana duk haziƙin yaron da ke Kano yana nan a hannu har ya cika 18. Kowace Fabrairu ana buga gasar matasa ta Ramat a garin nan don tunawa da Janar Murtala Muhammad, jihohi suna kawo yaransu har ƙofar gida. Pillars tana da ƙaramar ƙungiyarta ta matasa. Abin da majalisa ya kamata ta riƙa ƙirgawa kowace kaka shi ne yara nawa suka hauro daga can zuwa babbar ƙungiya, da takarda ta shekara uku ko huɗu.

Dalilin da ya sa hakan ke da wuya ba ɓoyayye ba ne. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce. Gwamnati ke naɗa shugabanni, ita ke sakin kuɗi, kuma shugabanci yana canzawa da canjin siyasa. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba, ba zai dasa abin da sai bayan shekara huɗu za a ci ba. Koci ma haka: ya san wasa uku a jere ba nasara ya isa a fara kiran a kore shi, don haka zai ɗauko gogaggen da ya sani daga tsohuwar ƙungiyarsa, ba yaron Gwale da ke buƙatar kaka guda kafin ya nuna ba. Mu 'yan kallo ma da namu kason. Pillars ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida a gasar ba, har sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin a 2015, kuma tsarar da ta tashi a wannan zamani ba ta san haƙuri da canjaras ba. Bakin da ke cewa a ba yara dama ranar Juma'a, shi ne ke fara yi wa yaron ihu ranar Lahadi idan ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga.

Kofin ƙarshe da ya shigo Kano shi ne na ƙalubale a 2019, da Ibrahim Musa Jugunu ya ɗauko a Kaduna bayan an doke Niger Tornadoes a bugun fanareti. Tun daga nan gasar ta sauya fuska. Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ci firimiya a 2025, kuma tana da makarantar renon yara, Beyond Limits, wadda ke sayar da 'yan wasa zuwa Turai. A shekarar ce kuma Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hauro firimiya, wato yaron Kano mai ƙafa ya samu ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya bar jiharsa ba.

A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars, alhali bai ajiye takalmi ba. Wannan ya buɗe sabuwar gardama a majalisu: ta yaya koci zai zaunar da ubangidansa a benci? Tambaya ce mai ma'ana. Amma akwai wata fuskar. Mutumin da aka ɗora kan kujerar ya taɓa zama yaron aro ɗan shekara 17 a ƙungiyar nan, an yi cinikinsa a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya ga yadda ake rubuta takarda da yadda ake kasafta kuɗin. Cikin duk waɗanda suka riƙe Pillars babu wanda ya san wannan kasuwa daga ciki kamarsa.