Awon Gona Mai Kusurwa Uku

Gonakin ƙasar Rano da Kibiya ba kasafai sukan zo da kusurwa huɗu daidai ba. Nan dutse ya tokare, can burtali ya ratsa, ko rafi ya yanke gefe guda, sai gona ta tsaya kamar alwatika. A zamanin Turawa malaman taki sukan auna gona da ƙafa domin yanka haraji. Wannan haraji ya wuce, amma bukatar awo tana nan wajen ciniki da jingina da rabon gado.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. A ninka gindin alwatika da tsayinta, a raba biyu. Dalili kuwa shi ne, kowace alwatika rabin fili ce mai kusurwa huɗu wanda yake da wannan gindi da wannan tsayi. Sai dai tsayi ba gefen gona ba ne, miƙaƙƙen layi ne daga ƙololuwa ya sauko kan gindi a tsaye kamar bango bisa ƙasa. A nan masu awo da yawa sukan yi tuntuɓe.

A ɗauki gona mai gefuna mita 130 da 140 da 150. Wanda ya ninka 140 da 150 ya raba biyu zai sami murabba'in mita 10,500, kuma ya yi kuskure. Hanyar da ake dangantawa ga Hiron na Iskandariyya ba ta bukatar a shiga cikin dawa neman tsayi. A haɗa gefunan uku, 420 ke nan, rabinsu 210. A ɗebe kowane gefe daga 210, saura 80 da 70 da 60. A ninka 210 da 80 da 70 da 60, a sami 70,560,000. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan ita ce 8,400. Girman gonar ke nan, wato eka biyu da 'yan kai. Mai saye da ya yarda da lissafin farko ya biya kuɗin murabba'in mita 2,100 waɗanda babu su.

Daga nan tsayi ya samu: a ninka 8,400 sau biyu, a raba da 140, a sami mita 120. Wannan alwatika tsohuwa ce, domin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya kawo mai gefuna 13 da 14 da 15 a littafinsa na aljabara a Bagadaza, wajen shekara ta 820, ya fid da tsayinta 12 da girmanta 84.

Ga magada kuma akwai sauƙi. In ɗa da 'ya za su raba gonar, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, sai a auna mita 100 a gefe mai 150, a kafa turke, a ja igiya zuwa kusurwar da ke fuskantarsa. Tun da tsayin yankunan biyu ɗaya ne, mita 112, ɗan ya sami 5,600, 'yar kuma 2,800. Awo dai girma kaɗai yake nunawa. In gefe ɗaya fadama ne ɗayan tsakuwa, sai dattawa sun zauna sun yi ƙima.