Harafi Ma Yana Da Fuska

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, ta ratsa Tudun Wada, ta nufi dajin Falgore a Doguwa, zai ga alluna birjik: na makarantu, na ɗakunan shan magani, na masu sayar da taki. Da yawansu an buga su ne da haruffan nan masu kauri da zagayayyen baki, marasa tsini ko ado. Masu ɗab'i na son su saboda sakin fuskarsu, ga sauƙin karantawa daga nesa. Salon kuwa ba yau aka fara shi ba. Tun 1979 aka zana wa kamfanin motoci na Volkswagen irinsa mai suna VAG Rounded.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin irin waɗannan haruffa don harsunan Turai aka zana su, babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. Na ga illar haka a wata firamare a Bebeji, inda wata yarinya 'yar aji ɗaya ta karanta katin da ya kamata ya ce "baƙi sun zo", aka buga "baki sun zo". Ta karanta daidai, ta tsaya tana kallon malaminta, ma'ana ta ɓace mata. Wani lokaci kuma kwamfuta kan aro ƙ siririya daga wani salon, ta cusa ta tsakiyar kalma kamar bare a gidan biki.

Magabata ba su yi sake da wannan lamari ba. Tun zamanin Dokta Rupert East a Zariya, wanda a hannunsa aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ƙugiya ta samu gindin zama a rubutun boko. A shekarun 1980 an nemi gwanin zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya taimaka wajen samar da haruffan da za su wadaci harsunan Nijeriya.

Yau aikin ya zo da sauƙi. Ƙungiyar SIL ta fitar da Andika, kalmar Suwahili mai nufin "rubuta", musamman don masu koyon karatu. Haruffan a da g nata sun yi kama da waɗanda malami ke rubutawa da alli, ta bambanta babban I da ƙaramin l da lambar 1, tana da ƙugiyoyinmu manya da ƙanana, kuma kyauta ake sauke ta daga intanet.

Don haka ina kira ga sakatarorin ilimi na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu: kafin a ba maɗaba'a kwangilar littafi ko allo, a sa ta buga "Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya". In ƙugiya ta faɗi, kwangila ma ta faɗi. Yaron da aka rikita a aji ɗaya, da wuya ya sake amincewa da takarda. Allah Ya sa mu gyara.