Raƙuman teku: jiragen ƙarfe da iska ke turawa

Ranar 11 ga Yuli, 1949, wani jirgin ruwa mai suna Pamir ya kewaya Kef Hon, can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, ɗauke da hatsin Ostireliya, ya nufi Ingila. Ba shi da injin da ke tura shi, iska ce kaɗai abin dogaronsa. A lokacin an shekara huɗu da gama Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen sama kuma suna tsallake tekun Atlantika cikin yini guda. Shi kuwa Pamir sai da ya shafe sama da wata huɗu a hanya. Daga kansa ba a sake samun jirgin 'yan kasuwa marar inji da ya bi wannan hanya da kaya ba.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa tsohon jirgin katako ne da ya yi saura tun zamanin kaka da kakanni. Ko kusa. A shekarar 1905 aka ƙera shi a Hamburg, gangar jikinsa ƙarfe, ginshiƙansa huɗu ƙarfe, igiyoyin da ke riƙe da su wayar ƙarfe. Filafilansa ne kawai na tamfol, wato manyan ƙyallayen nan da ake shimfiɗawa a jikin ginshiƙai su tari iska. Masana'antun da suka haifi jirgin tururi su ne suka haifi irinsa, kuma su biyun sun yi shekaru kusan saba'in suna cin kasuwa ɗaya.

Da farko masu jirage ba su yarda da ƙarfe ba. Wanda ya taɓa jefa fartanya a rijiya ya san inda take tsayawa. Sai dai kwanon sha ma ƙarfe ne, kuma yana yawo a kan ruwa muddin bai cika ba. Tun a 1787 wani maƙerin Ingila, John Wilkinson, ya saka kwalekwalen baƙin ƙarfe a kogi bai nutse ba, a 1838 kuma aka ƙera Ironsides a Liverpool, jirgin baƙin ƙarfe mai filafilai da ya shiga babban teku. Abin da ya ingiza Turawan Ingila shi ne itacen ƙera jirgi ya yi musu ƙaranci da tsada, alhali Amurkawa suna da dazuzzuka har ba su san iyakarsu ba. Abin da Ingila ke da shi a yalwace tama ce da kwal. Ga shi kuma jirgin katako yana da iyaka: in ya cika tsawo sai ya riƙa lanƙwashewa a kan igiyar ruwa yana yoyo. Bangon ƙarfe bai kai na katako kauri ba, bai ma kai shi nauyi ba, saboda haka cikin jirgin ya fi ɗaukar kaya.

Ƙarfen ya zo da nasa ciwon kai iri biyu. Na farko kamfas. Allurar kamfas maganaɗisu ce, in ka kewaye ta da tan ɗaruruwa na ƙarfe sai ta fara yi maka ƙarya. Masanin taurari George Airy ya yi gwaji a kan wannan a ƙarshen shekarun 1830, ya nuna yadda za a dasa wasu maganaɗisu kusa da kamfas su daidaita shi, amma gyaran ya daɗe bai zauna ba. A Janairun 1854 sabon jirgin ƙarfe Tayleur ya bar Liverpool cike da masu ƙaura zuwa Ostireliya. Kwana biyu da tashinsa ya daki duwatsun tsibirin Lambay kusa da Dublin, ɗaruruwan mutane suka halaka, kuma ruɗewar kamfas tana cikin dalilan da bincike ya ambata. Na biyu shi ne gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa gindin jirgi a ruwa mai ɗumi su rage masa gudu. Jirgin katako akan lulluɓe shi da fallen jan ƙarfe, amma in jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe a ruwan gishiri sai baƙin ya cinye. Don haka masu gaggawar kai ganyen shayi daga Sin suka yi wata dabara: haƙarƙarin jirgi ƙarfe, fatarsa katako. Cutty Sark, wanda ke ajiye a Landan yau, irin wannan ne. An saka shi a ruwa ranar 22 ga Nuwamba, 1869, kwana biyar bayan buɗe mashigin Suez.

Wannan mashigi ya kamata ya zama ajalin filafilai. Ya gajarta hanyar Indiya da Sin, kuma jirgin tururi ne ke iya morarsa, don iskar Bahar Maliya ba ta yi wa mai filafilai daɗi. Shayi da fasinja da wasiƙu duk suka koma wa tururi. Amma jirgin tururi yana da ciki. Kowace rana sai ya haɗiye kwal, kwal ɗin kuɗi ne, kuma yana cinye wurin da ya kamata a zuba kaya. A doguwar hanya irin ta Turai zuwa Chile ko Ostireliya, ribar kayan da ba su da tsada ba ta biyan wannan ci. Mutumin Agadas zai gane lissafin da wuri: mota ta fi raƙumi sauri, amma ayarin gishirin Bilma bai mutu ranar da mota ta shigo ba, don raƙumi ba ya shan fetur, gishiri kuma ba ya lalacewa in an yi jinkiri.

Sai masu filafilai suka bar tsere, suka koma dako. Jiragen suka ƙara girma, cikinsu ya ƙara faɗi. A 1875 aka ƙera County of Peebles a Glasgow da ginshiƙai huɗu, domin ɗauko zaren jut daga Bengal zuwa masaƙun Turai irin na Dundee. Jut ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: dangin lalon da muke miya da shi ne, da zarensa ake saƙa buhun algarara. A shekarun 1880, da sitil ya yi araha, wato tataccen ƙarfen da ya fi baƙin ƙarfe ƙwari da rashin nauyi, aka koma kansa gaba ɗaya. Kayan da suke ɗauka duk masu nauyi ne marasa daraja: alkama daga San Francisco, katako, siminti, kashin tsuntsayen teku daga Peru don taki, ulu daga Ostireliya. Wani abin dariya, babban kayansu har da kwal, wanda wani kasonsa abincin kishiyoyinsu ne masu tururi. Kwal ɗin yakan kama da wuta da kansa a cikin jirgi a tsakiyar teku, kuma jirage da dama sun tafi a haka.

Kasuwar da ta fi raya su ita ce gishirin naitiret na hamadar Atacama, wanda Turai ke buƙata don takin zamani da albarushi. A kansa ne Chile ta yaƙi Peru da Bolibiya daga 1879, ta ƙwace yankin. Garuruwan gaɓar, irin su Iquique da Pisagua da Taltal, ba su da matsaya ta kirki. Jirgi yakan tsaya nesa da tudu, ana kawo masa buhuna cikin kwalekwale, ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, makonni suna wucewa. Jirgin tururi mai tsada ba ya jure irin wannan zama. Mai filafilai kuwa rumbu ne mai araha, ko yana tafiya ko yana tsaye.

A nan kamfanin F. Laeisz na Hamburg ya yi suna. Kusan duk jiragensa da harafin P sunansu ke farawa, asalin abin kuwa laƙabin matar ɗan gidan ne, Pudel, saboda gashinta mai murɗe. Jamusawan nan sun mai da tafiyar iska kamar ta jirgin ƙasa: sun tara bayanan iskoki daga littattafan kyaftin-kyaftin, sun ajiye wakilai a Chile da ke shirya kaya kafin jirgi ya iso. Babban abin alfaharinsu shi ne Preussen na 1902, mai ginshiƙai biyar da filafilai 47, faɗinsu gaba ɗaya kusan murabba'in mita 6,800, yana ɗaukar kimanin tan 8,000. A 1903 ya kai Iquique daga bakin mashigin Ingila cikin kwana 57. Saurin nasa ne ma ya kashe shi. A Nuwamban 1910 wani jirgin tururi mai suna Brighton ya raina gudunsa, ya nemi gilma ta gabansa, suka yi karo, iska ta kwashe Preussen ta maka shi a duwatsun kusa da Dover.

Ga inda nake ganin masu begen waɗannan jirage suke kau da kai. Ƙaton jirgin nan Preussen, mutum arba'in da 'yan kai ne ke sarrafa shi. Iska kyauta ce, to ina mai jirgi zai ƙara rage kashe kuɗi in ba a kan mutane ba? An ƙirƙiro na'urorin murɗa igiya, irin wadda wani Kyaftin Jarvis ya fito da ita, da ƙaramin injin tururi na ɗaga kaya, amma naɗe filafili aikin hannu ne. Matuƙi zai hau sama da mita arba'in cikin dare, ya tsaya a kan igiya guda, ya rungumo tamfol ɗin da ƙanƙara ta sandarar, farcensa na tsagewa. A ƙasa kuma, da yake jirgin ƙarfe ba ya tsoron karyewa, akan loda shi har wuya, igiyar ruwa tana hawa kansa tana share duk wanda bai riƙe igiya ba. Wanda ya faɗa ruwa a kudancin Kef Hon ba a cika komawa nemansa ba, don juya jirgi a wannan guguwa halaka ce ga kowa. Abinci naman gishiri ne da busasshen biskit, ruwan sha a kan awo, barci bai wuce awa huɗu a jere ba in ma an samu. Masu zuwa Chile suna fuskantar iskar yamma gaba da gaba. A 1905 jirgin Jamus Susanna ya yi kwana 99 yana fama kafin ya kewaya Kef Hon. Ba mamaki matuƙa sukan gudu da zarar an isa tasha. A San Francisco da wasu tashoshi har sana'a ta tsiro ta dillalan da ke bugar da mutum da giya, ya farka ya gan shi a tsakiyar teku an riga an karɓe albashinsa na gaba.

Faransa ta ɗan tsawaita ran jiragen filafilai da tallafin gwamnati da ake biya bisa nisan tafiya, har jiragenta suna iya yawo ba kaya su ci riba. Amma abubuwa uku suka taru a wuri ɗaya. A 1913 Jamusawa suka fara haɗa sinadarin taki daga iska a masana'anta, ta hanyar Haber da Bosch, darajar gishirin Chile ta kama hanyar faɗuwa. A 1914 aka buɗe mashigin Panama, tururi ya sami gajeriyar hanya zuwa yammacin Amurka. A shekarar kuma yaƙin duniya ya ɓarke, jirgin da ke jiran iska ya zama nama ga jiragen ƙarƙashin ruwa.

Bayan yaƙi, wanda ya tsinci ragowar shi ne Gustaf Erikson, mutumin Mariehamn a tsibiran Åland na ƙasar Finlan. Yana sayen su a farashin ƙarfen bola, ba ya yi wa yawancinsu inshora, ma'aikatansa kuma galibi samari ne. Dokar wasu ƙasashen arewacin Turai ta ce sai ka yi aiki a jirgin filafilai kafin ka sami takardar zama hafsan jirgi, saboda haka yara suka riƙa biyansa don ya ɗauke su aiki. Kowace shekara jiragensa sukan tafi ƙananan tashoshin Spencer Gulf a kudancin Ostireliya, su loda alkama buhu-buhu, su nufo Turai. Jaridu suka kira abin tseren hatsi, ko da yake Erikson ya fi son kyaftin ɗin da bai yaga masa tamfol ba a kan wanda ya zo na ɗaya. Tafiya mafi sauri ita ce ta jirgin Parma a 1933, kwana 83. Wani saurayi Bature ɗan shekara 18, Eric Newby, ya biya fam 50 ya shiga jirgin Moshulu a 1938, daga baya ya rubuta littafi a kai. Jirgin ya dawo da tan 4,800 da 'yan kai na alkama cikin kwana 91, mutanen cikinsa ba su kai 30 ba.

Erikson ya rasu a 1947. Cikin jiragen kamfaninsa, Pamir da ɗan'uwansa Passat sun tsira daga masu yankan ƙarfe, aka mai da su Jamus, aka saka musu ƙaramin inji, suka koma ɗaukar kaya tare da horar da ɗalibai. A Agustan 1957 Pamir ya bar Buenos Aires da sha'ir, mafi yawansa a zube ba a buhu ba. Ranar 21 ga Satumba guguwar Carrie ta riske shi a tsakiyar Atlantika, kudu maso yamma da tsibiran Azores. Jirgin ya karkata, hatsin ya gangara gefe guda ya ƙi komawa. Cikin mutum 86, waɗanda 52 daga cikinsu ɗalibai ne, shida kaɗai aka tsamo da rai. Bayan 'yan makonni sha'ir ya yi wa Passat irin wannan gangarowa, amma ya lallaɓa ya shiga Lisbon, kuma da ya isa gida bai sake ɗaukar kaya ba. Yana ɗaure yanzu a Travemünde, masu yawon buɗe ido suna hawa. Can cikin birnin Lübeck, a cocin Jakobi, an ajiye fasasshen kwalekwalen ceto na Pamir, wanda aka tarar da mutum ɗaya a ciki.