Fasaƙwari, Ɗan'uwan Lemu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kayan yaji a kasuwar Sabon Gida ko ta Madawa, ya ga fasaƙwari. Ga shi nan a tire, kusa da kimba da masoro da kanumfari. Mata suna daka shi cikin yaji, musamman yajin mai jego. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin icensa a tsaye.

Dalili shi ne, icen ya fi son ƙasa mai ruwan sama da yawa. A kudu yake yaɗuwa, tun daga Senegal har Kamaru. Fatake ne suke kawo mana ɓawonsa da saiwarsa. Ice ne matsakaici, mai ƙaya a jiki da rassa. Masana itatuwa sun ce danginsu ɗaya da lemun tsamin da muke shukawa a garka. In ka murje ɗanyen ganyensa, ƙamshin lemu za ka ji.

In mutum ya tauna saiwarsa, sai ya ji yaji-yaji, miyau ya kawo, harshe da dasashi su yi kamar sun mutu. Shi ya sa ake yin asuwaki da ita, ana kuma sa ta a haƙori mai ciwo. Zafin yana lafawa, gaskiya ne. Amma ramin da ke haƙorin yana nan. In kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, a tafi likita.

Babbar maganar ita ce ta amosanin jini, wato sikila. A shekarar 1971, wani malamin ilmin magunguna na jami'ar Ife a Najeriya, Abayomi Sofowora, ya ba da labarin abin da ya gani a ɗakin bincike. Ruwan saiwar wannan ice yana taimakon ƙwayoyin jini kada su lanƙwashe kamar lauje. Lanƙwashewar nan ce take toshe ƙananan hanyoyin jini, har yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi. Daga baya masana na Burkina Faso suka haɗa shi da tumfafiya, suka yi wani magani mai suna FACA.

To, a nan ne wasu suke kuskure. Sun ji labari rabi, sai su jiƙa fasaƙwari a ƙwarya su ɗura wa yaro, su ce an gama. Wancan magani an auna shi, an san yawan da za a sha. Na ƙwarya ba wanda ya auna. Tumfafiya kuwa, kowa ya san ruwanta dafi ne, kada wanda ya gwada haɗa ta a gida. Kuma ko maganin da aka auna, sauƙi yake kawowa, ba ya raba mutum da cutar, domin gadonta ake yi daga uwa da uba.

In miji da mata duka suna ɗauke da irin cutar, watau AS da AS, kowane ciki yana da haɗari 1 cikin 4 na haifar ɗa mai sikila. Awon jini kafin a ɗaura aure shi ne yake nuna wannan. A ganina, ya kamata a yi shi tun kafin a kai kayan tambaya.

Wanda Allah ya riga ya ba ɗa mai wannan cuta, ya riƙa ba shi ruwa da yawa, ya kwantar da shi cikin gidan sauro, ya rufe masa jiki lokacin hunturu. Da zarar jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya ƙara yin rawaya, ko tafin hannunsa ya yi fari, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.